Afdet ɗin Windows ya ƙi shiga, shin sai an yi fomat? Ga amsarka ƙanena

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ga tambayarka tun jiya da dare amma sai yanzu na samu zama, shago cike yake da ɗalibai tun safe saboda lokacin furojet ne kowa na ta guje-guje. Bari in maimaita abin da ka ce a taƙaice don wanda zai karanta bayanka ya gane inda munka dosa. Kana da laftof HP ta hannu wadda ka saya bara, Windows 10 ke kanta, kullum sai ta ce akwai afdet, ta sauke shi, ta ce ka yi ristat, ta yi ta ƙirge har kashi 30 ko sama da haka, sannan ta rubuto maka "We couldn't complete the updates, undoing changes" ta koma gidan jiya, datarka ta tahi a banza har sau uku, kuma wani ya ba ka shawara ko dai ka kai a yi mata fomat ko ka kashe afdet ɗin gaba ɗaya ka huta. Ga kuma furojet ɗinka na shekarar ƙarshe a cikinta.

To don Allah kada ka yi ko ɗaya cikin biyun nan tukuna. Fomat shi ne maganin ƙarshe, ba na hwarko ba, kuma abin da ke ɓata mini rai da wagga sana'a tamu shi ne yadda wasu masu gyara da an aje kwamfuta gabansu ba su ko tambayar mi ya same ta sai su ɗauko filashi su share komai, don shi ne aikin da bai buƙatar tunani, awa ɗaya an gama an karɓi kuɗi, kai kuma ka koma gida ba Word ba hotuna ba komai, kuma in abin da ya kawo matsalar agogo ne ko had dis (inda kwamfuta ke aje fayiloli) ne to bayan sati biyu ga ta nan ta dawo. Na sha ganin haka ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba.

Kahin ka taɓa komai, yau ɗin nan, ka kwashe furojet ɗinka. Ka sa shi a filashi, ka kuma tura ma kanka shi ta imel ko ka ɗora a Google Drive, wuri biyu ke nan ban da kwamfutar. Duk abin da zan gaya maka a ƙasa ba mai share fayil ba ne, amma kwamfutar da ke ta faɗuwa wurin afdet wani lokaci alama ce had dis ɗinta ya fara gajiya, kuma na taɓa zama da wata ɗaliba a shagona tana kuka saboda babi huɗu na aikinta sun tahi saura kwana tara ta miƙa, ba ni son in sake ganin irin ranar ga kowa. In kuma ka taɓa shiga kwamfutar da akawun ɗin Microsoft, ka duba ko BitLocker, makullin da ke kulle dis ɗin, na kunne, in yana kunne ka shiga akawun ɗin ta waya ka kwahi lambar nan mai tsawo ta buɗe shi, lambobi 48 ne, ka rubuta a takarda ka aje, don wani lokaci bayan gyara sai ta tsaya ta ce sai ka ba ta su.

Batun kashe afdet kuwa, na san mi ya sa mutanenmu ke yin shi, data ta yi tsada kuma ba wanda ke son yana cikin aiki kwamfuta ta ce mashi jira. Amma afdet ɗin nan na wata-wata da Microsoft ke saki kowace Talata ta biyu ga wata, mafi yawansa toshe ɓaraka ne da anka gano cikin Windows wadda ɓarayin intanet ke bi su shigo. A watan Mayu na 2017 wata cuta da ake kira WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama har da na asibitocin Ingila, ta ce sai an biya kuɗi kahin a buɗe, alhali tun watan Maris na shekarar Microsoft sun riga sun saki maganin ɓarakar, waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sa afdet ɗin ba. Kai da filashinka ke yawo daga wanga shagon buga takardu zuwa wancan, yau cikin makaranta gobe cikin gari, ga kuma banki da imel duk kana buɗewa a kanta, ba kai ne za ka zauna da ƙofa a buɗe ba.

Yanzu ka gane yadda abin ke tahiya, don in ka gane shi rabin aikin ya ƙare. Afdet hawa uku gare shi. Na hwarko ta sauko da fayilolin daga intanet ta aje su cikin wata folda. Na biyu ta warware su ta shirya su kana cikin aikinka, shi ne lokacin da za ka ji fanka na ta ihu kwamfutar ta yi nauyi. Na uku shi ne bayan ristat, lokacin da take cire tsoffin fayilolin Windows tana maye su da sababbi, kuma in ta ci karo da wani abu da bai yi daidai ba a nan sai ta janye duk abin da ta yi ta maida tsohon. Wancan rubutu da kake gani na "undoing changes" ba lalacewa ba ne, kare kanta take yi don kada ta bar ka da Windows rabi sabo rabi tsoho wanda ba ya ko tashi. Kuma duk sanda ta faɗi tana barin shaida, wata lamba mai farawa da 0x8. Ka shiga Settings, Update & Security, Windows Update, ka danna View update history, za ka ga wanda ya faɗi da lambarsa mai farawa da KB da kuma lambar kuskuren a gefe. Wagga lamba ita ce za ka fara nema, ba ka turo mini ita ba shi ya sa amsar ta yi tsawo, dole in bi maka da duk ƙofofin.

Ƙofa ta hwarko wuri. Ka buɗe This PC ka dubi C, wato dis ɗin da Windows ke kai, in layin ya yi ja to kusan mun gama bincike. Laftof da yawa na hannu da ke shigowa kasuwa suna zuwa da SSD, wato sabon nau'in dis mai sauri, mai giga 128, wasu ƙanana ma 64 ko 32, ga mutum ya cika ta da finafinai da karatuttukan malamai da bidiyon biki, saura giga biyu ko uku, afdet kuwa yana son wurin da zai sauka da wurin da zai warware da wurin da zai aje tsohon don ko ta ɓaci. Lambar da ke nuna haka ita ce 0x80070070. Ni dai ba ni fara afdet sai na ga aƙalla giga 20 a sake. Ka kwashe manyan bidiyo zuwa waje, ka share Downloads da kwandon shara, sannan ka rubuta Disk Cleanup a wurin bincike, in ta buɗe ka danna Clean up system files ka yi ma Windows Update Cleanup da Temporary files alama, sau da yawa nan kaɗai ana samun giga da dama.

Ta biyu ita ce wadda mutane ba su taɓa kawowa a rai, agogo. Dubi ƙasan sikirin ta dama, kwanan wata da lokaci daidai suke? Cikin yawancin kwamfutoci akwai ɗan ƙaramin batir mai kamar kwabo, galibi CR2032, shi ke riƙe agogo in an kashe ta, kuma kwamfutar da ta yi shekara bakwai ko takwas a Turai kahin ta iso Sakkwato batirin nan ya riga ya mutu ko yana gab da mutuwa. In ya mutu sai ta tashi tana ganin shekarar baya ce can, ta je wurin Microsoft neman afdet, takardun shaidar tsaro su ƙi daidaituwa da kwanan watanta, sai a ƙi yarda da ita. Lambar ita ce 0x80072f8f. Ka gyara kwanan wata, ka sa yankin lokaci a West Central Africa wato UTC+01:00, ka kunna Set time automatically. In gobe ka kunna ka ga ta sake ɓacewa to a canza batirin, ba abu ne mai tsada ba, buɗe kwamfutar ne kawai ke son mai hannu.

Ta uku sabis. Yawancinmu da hotsifot na waya muke aiki, kuma fayil mai ɗaruruwan megabait in sabis na yankewa yana dawowa, ko data ta ƙare ana tsakiya, ko an kira wayar hotsifot ya katse, wani lokaci abin da ya sauka sai ya zamo gurgu, Windows kuma ta yi ta ƙoƙarin girka gurgun fayil ɗin nan kullum tana faɗuwa a wuri guda. Irin wanga ne ke ba da 0x80070002 ko 0x8007000d, in kuma ba ta ma iya kaiwa ga Microsoft ɗin ba ne za ka ga irin su 0x8024402c. Ka kashe duk wani VPN da kake da shi, musamman irin na neman data kyauta da yara ke sa ma juna, su kan bar saiti a Proxy ko bayan an cire su, ka shiga Network & Internet, Proxy, ka tabbata Use a proxy server a kashe yake. Ka kuma duba ko an sa layin a matsayin metered connection, don in an sa Windows na riƙe yawancin afdet ba ta sauke su. Ni shawarata ga mai lallaɓa data ita ce ya bar shi a kunne kullum, sai ranar da ya shirya yin afdet ya kashe, ya yi da dare lokacin da sabis ya fi kwanciya, ya gama ya maida. Akwai kuma wani wuri cikin Advanced options mai suna Delivery Optimization, ka kashe Allow downloads from other PCs don kada kwamfutarka ta riƙa tura ma wasu guntayen afdet da datarka.

Ta huɗu wuta da zafi, kuma a garin nan ba ƙaramin abu ba ne. In batirin laftof ɗinka irin wanda da an zare caja ta mutu ne, kada ka kuskura ka fara ristat ɗin afdet da wutar gari, a ɗauke ta ana tsakiyar hawa na uku shi ne babban abin da ke lalata Windows da gaske. Ka nemi wurin da ke da sola ko inbata, ko lokacin da anka tada janareta ka san zai yi awa biyu. Zafi kuma, daga Maris zuwa Mayu da rana ke wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fanka tun Janairu, ga mutum ya ɗora ta bisa katifa, girka afdet aiki ne mai sa injin ya yi zafi sosai, sai ta kai wani mataki ta kashe kanta don kada ta ƙone, mai ita ya ce afdet ne ya ƙi. In ka ji ƙasanta na ƙuna ko fanka na kuka ba iska, a buɗe a hure ƙurar, ka aje ta bisa tebur ko wani abu mai tauri, ka yi aikin da asuba ko da dare. Kahin ristat kuma ka zare duk abin da ke maƙale, filashi, firinta, katin memori, ka bar caja kawai. In akwai wani antibayiros da anka sa maka a kasuwa wanda lasisinsa ya ƙare tun tuni ka cire shi gaba ɗaya, wanda ke cikin Windows 10 ya ishe ka, tsoffin nan su kan riƙe fayilolin da afdet ke son canzawa.

Akwai wani abu da ya kamata in hwaɗa ko da wasu abokan sana'a ba za su ji daɗi ba. Da yawan Windows da ake sa ma mutane a kasuwa ba na asali ba ne, wani ne can ya yanke shi ya cire abubuwa don ya yi sauƙi a tsohuwar kwamfuta, ko kuma mai gyaran da kansa ya kashe afdet don kada kwastoma ya dawo mashi da ƙorafi. Ka danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta services.msc, ka gangara ka nemo Windows Update, in ka ga an rubuta Disabled to ga ɓarawonka, ka maida shi Manual, lambar wanga ita ce 0x80070422. In irin yankakken Windows ɗin nan ne kuwa wanda anka cire ma kayan ciki, duk dabarar da za ka yi ba ya karɓar afdet yadda ya kamata sai an ɗora na asali a kai. Kuma ka sani ko Windows ɗinka ba a yi mata aktibeshan (sa lasisi) ba tana karɓar afdet, kada wani ya sa maka wata manhajar sata da sunan sai da ita afdet zai shiga.

To in duk waɗanga lahiya lau suke, sai mu zo ga wanke tukunya. Akwai Troubleshooter na Windows Update cikin Settings, ka gwada shi ba ya cin minti biyar, amma ni ban cika dogara gare shi ba, na fi son in yi da hannuna. Abin da za mu yi shi ne mu tsaida ma'aikatan afdet, mu canza ma foldar da gurgun fayil ke ciki suna don Windows ta ƙirƙiri sabuwa, mu sake tada su. Ka rubuta cmd a wurin bincike, ka danna dama a kai ka zaɓi Run as administrator, sannan ka rubuta waɗanga ɗaya bayan ɗaya kana danna Enter bayan kowane:

net stop wuauserv
net stop bits
net stop cryptsvc
ren C:\Windows\SoftwareDistribution SoftwareDistribution.old
ren C:\Windows\System32\catroot2 catroot2.old
net start cryptsvc
net start bits
net start wuauserv

Ka lura da tazara tsakanin kalmomi, kuma catroot2 ne mai 2 a ƙarshe, akwai wata folda kusa da ita mai suna catroot ba lamba, ita ba a taɓa ta. In ta ce Access is denied wurin canza suna to ɗaya daga cikin ma'aikatan bai tsaya ba ko ya sake tashi, ka yi ristat ka kashe intanet ka sake gwadawa. Wanga aiki bai taɓa fayilolinka ko kaɗan, illa dai jerin tarihin afdet na iya ɓacewa shi ya sa na ce ka kwahi lambar tun hwarko, kuma za ta sake sauke afdet ɗin daga tushe, saboda haka ka tanadi data. In komai ya yi daidai bayan kwana biyu sai ka share foldojin nan biyu masu .old ka samu wuri.

Amma tunda ka ce taka tana sauka lahiya sai bayan ristat take faɗuwa, zuciyata ta fi karkata ga cewa ma'ajiyar fayilolin Windows ɗin ce ta samu rauni, wataƙila tun wata rana da wuta ta yanke mata tana aiki. Lambobin da ke nuna haka su ne 0x80073712 da 0x800f081f. Maganinsa umarni biyu ne cikin wancan baƙin allo na cmd, kuma jerin na da muhimmanci, wanga ne hwarko, da intanet a kunne don daga can yake ɗauko lafiyayyun fayiloli:

DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth

Zai ɗauki lokaci, minti ashirin ko fiye a tsohuwar kwamfuta, kuma zai kai wani wuri kamar kashi 62 ya tsaya cik kamar ya mutu, bai mutu ba, kada ka rufe, ka je ka yi sallah ka dawo. In ya gama ya ce an yi nasara sai ka bi shi da

sfc /scannow

Dalilin jerin shi ne sfc daga cikin ma'ajiyar nan yake ɗauko fayil ya gyara wanda ya lalace, in ma'ajiyar da kanta ba ta da lahiya to mi zai ɗauko? Shi ya sa DISM ke fara gyara rumbun, sannan sfc ya ɗiba. Bayan nan ristat, sannan ka sake neman afdet.

In har yanzu ta ƙi, akwai hanyar da na fi so saboda halin datarmu, wato ka sauke afdet ɗin da hannunka. Microsoft na da shafi mai suna Microsoft Update Catalog, ka rubuta lambar KB ɗin da ya faɗi a can, ka zaɓi wanda ya dace da kwamfutarka, yawanci x64 ne, kuma ka duba wane zubin Windows 10 gare ka ta hanyar danna Windows da R ka rubuta winver. Fayil guda ne zai sauka, ka danna shi sau biyu ya girka kansa ko ba intanet. Amfaninsa ko ya faɗi fayil ɗin na hannunka ba sai ka sake kashe data ba, kuma ku biyar a ɗaki ɗaya masu Windows iri guda mutum ɗaya ya sauke sauran su karɓa ta filashi. Ba sai ka bi na watannin baya ɗaya bayan ɗaya ba, na ƙarshe ya ƙunshi duk na baya. Winver ɗin nan kuma ka dube shi da kyau, in ka ga 1909 ko 20H2 ko 21H2 to kana kan tsohon zubi, na ƙarshe a Windows 10 shi ne 22H2, can ya kamata ka kai.

Wani lokaci kuma laifin ba naka ba ne ko kaɗan. A Janairun 2024 Microsoft sun saki wani afdet mai lamba KB5034441 wanda ya yi ta faɗuwa a kwamfutoci barkatai da lambar 0x80070643, dalili shi ne yana son megabait 250 a sake cikin wani ɗan ɓoyayyen yanki na dis da ake aje kayan ceto, kwamfutoci da yawa kuwa yankin nasu bai kai ba. Mutane sun yi ta fomat a banza a kan wanga. In irin shi ne kaɗai ke faɗuwa alhali na wata-wata na shiga, ba abin tada hankali ba ne, kuma kada ka shiga yanka fatishan (yankin dis) da kanka in ba ka saba ba, nan ne ake asarar fayil.

Matakin da ke gaban fomat, wanda kuma ke warkar da kusan duk abin da ya gagari na baya, shi ne a ɗora sabuwar Windows bisa tsohuwar ba tare da an share komai ba. Za ka sauke ISO, wato fayil ɗin girka Windows 10, daga shafin Microsoft da kansu ta Media Creation Tool, wajen giga huɗu zuwa shida ne, ko ka karɓa wurin wanda ka yarda na asali gare shi. Kada ka tada kwamfutar daga filashi, nan ne mutane ke kuskure. Kana cikin Windows ɗinka yadda ka saba ka danna ISO ɗin sau biyu ya buɗe, ka danna setup.exe, ka bi shi har inda zai tambaye ka mi za a bari, ka tabbata Keep personal files and apps ne ke zaɓe kahin ka danna Install. In ka ga wanga zaɓi ya dushe ba ya dannuwa ka tsaya nan, galibi harshen ISO ɗin ne bai yi daidai da na kwamfutar ba, misali ita Turancin Amurka ke kanta kai ka sauko da na Ingila, sai ka nemo wanda ya dace. Aikin na cin awa ɗaya zuwa biyu da ristat da yawa, wuta tsayayya dole ce, in ya gama za ka iske Word ɗinka da fayilolinka kowane na inda ka bar shi amma kayan cikin Windows duk sababbi.

In ko wanga ya faɗi, ko ka lura kwamfutar na daskarewa haka kawai, buɗe folda na ɗaukar minti guda, ko kana jin ƙas-ƙas daga ciki, to ka daina zargin afdet ka dubi had dis. Akwai 'yar manhaja kyauta mai suna CrystalDiskInfo, in ta nuna Caution ko Bad to dis ɗin ne ke mutuwa, fomat ba ta tada shi, a kwashe kaya a sa SSD, kuma za ka sha mamakin saurin da tsohuwar HP ɗin nan za ta yi. In kuma wata rana afdet ya shiga amma ta ƙi tashi gaba ɗaya, ka kunna ta, da tambari ya bayyana ka danne maɓallin wuta har ta mutu, ka yi haka sau biyu ko uku, za ta shiga shuɗin allon gyara da kanta, ka bi Troubleshoot, Advanced options, Uninstall Updates. Amma wanga sai in ta maƙale da gaske, awa biyu ko uku ba motsi, ba don ta yi minti arba'in a kashi 30 ba.

Saura magana ɗaya da ba ka tambaya ba amma ta shafe ka kai tsaye. Microsoft sun rufe tallafin Windows 10 na kowa da kowa ranar 14 ga Oktoba 2025. Sun buɗe wani shiri na ƙarin afdet ɗin tsaro mai suna ESU wanda wa'adin da anka sanar a 2025 ga mutane irina da kai shi ne 13 ga Oktoba 2026, sharaɗinsa ka kasance kan 22H2 da afdet ɗinka cikakke kuma ka shiga da akawun ɗin Microsoft, lokacin da anka buɗe shi a 2025 ana biyan dala 30 ko kuma a samu kyauta in ka yarda ka haɗa saitin kwamfutarka da akawun ɗin, ka ga ke nan gyaran da muke yi yanzu shi ne ma zai buɗe maka wagga ƙofa. Windows 11 kuwa tana son ɗan sashen tsaro na cikin injin mai suna TPM 2.0 da RAM giga 4 da wuri giga 64, injin Intel kuma daga ƙarni na 8 zuwa sama, saboda haka in naka i5 ne mai lamba irin 6300U ko 7200U ba ya cikin waɗanda anka yarda da su, in 8250U ne ko sama to hanya a buɗe take kuma kyauta ne. Za a ce maka ana iya tsallake sharuɗɗan a sa ta da ƙarfi, gaskiya ne ana yi, amma Microsoft ba su yi alkawarin afdet ga irin wagga ba, kuma ni ba ni yi maka shi ana saura makonni ka kare furojet. Ka bari sai ka miƙa aikinka an sa hannu sannan mu yi wagga magana.

Yau dai ka kwashe furojet, ka dubi C da agogo, sannan ka turo mini abu uku, lambar nan mai 0x8, lambar KB, da abin da winver ya nuna. In ka ɗauki hoton sikirin ɗin da waya ma ya isa, in Allah ya so daga nan zan gaya maka wanne cikin waɗanga za ka yi ka bar sauran.